Yadda mai kallon tanis zai karanta kakar 2026 tun kafin ta yi nisa

"Malam, na daɗe ina kallon manyan gasannin tanis guda huɗu, amma sauran wasannin shekara ba na bin su sosai. Ga sabuwar kakar 2026 tana tafe. Shin Alcaraz da Sinner ne za su sake raba komai a tsakaninsu, ko akwai mai iya shiga tsakani? Djokovic fa, tasa ta ƙare ke nan? A ɓangaren mata kuma na kasa gane wace ce gwana, don kowace gasa da mai ɗaukarta. Me ya kamata in riƙa dubawa don in gane inda kakar ta dosa, ba sai an gama in ji labari ba?"

Ɗan'uwa, tambayarka gida biyu ce. Ɗaya kana neman sanin wanda zai ɗauki kofi, ɗayar kuma kana neman hanyar da za ka riƙa auna al'amarin da kanka. Ta biyun ta fi amfani, domin sunan da zan ba ka yau rauni ɗaya a gwiwar hannu yana iya share shi kafin Maris, amma idan ka iya karanta fili da maki da yanayin jikin ɗan wasa, kowane mako za ka iya gyara hasashenka. Zan taɓa duka biyun, amma bari mu fara da shimfiɗar shekarar, don wanda yake kallon manyan gasanni huɗu kaɗai, wato Australian Open da Roland Garros da Wimbledon da US Open, mako takwas yake gani a cikin kakar da ke cin wata goma sha ɗaya.

Shekara ɗaya, fili iri uku

Ana buɗe kaka a Ostireliya a kan filin daɓe, da ƙananan gasanni irin su Brisbane da Adelaide, sannan Australian Open a Melbourne a tsakiyar Janairu. Fabrairu watan warwatsuwa ne: wasu suna Turai a rufaffun filaye, wasu suna Kudancin Amurka a kan jar ƙasa, wasu suna Doha da Dubai. A Maris kowa ya haɗu a Amurka don Indian Wells da Miami. Daga Afrilu zuwa farkon Yuni jar ƙasa ce zalla, wato Monte Carlo da Madrid da Roma, a rufe da Roland Garros a Paris. Sai gajeren zangon ciyawa, mako uku na shiri kafin Wimbledon a Landan. Daga nan a koma daɓe a Kanada da Cincinnati da US Open a New York, a wuce Asiya, a dawo Turai, a rufe a Nuwamba da gasar gwanaye takwas, ta maza a Turin, ta mata kuma Riyad ce ta karɓi baƙuncinta a 2024 da 2025.

Abin da ya sa wannan jeri yake da muhimmanci shi ne kowane fili yana canza tafiyar ƙwallo. Jar ƙasa garin jan bulo ce da aka shimfiɗa a sama. Tana kama ƙwallo, ta rage mata gudu, ta cilla ta sama, don haka mai murza ƙwallo da ƙarfi da mai iya zamiya da ƙafa su ne ke morewa, mai dogaro da sabis kaɗai, wato bugun farko da ake sa ƙwallo cikin wasa da shi, kuma ya sha wahala. Ciyawar Wimbledon, wadda ake aske ta zuwa milimita 8, kishiyar haka ce: ƙwallo tana sulɓewa ƙasa-ƙasa, ba ta ba mutum lokacin ɗaga raket sosai. A mako na biyu bayan fili ya ƙwaƙule ya zama ƙasa, wasan ya ɗan sassauta. Shi kuwa daɓe ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Yawan yashin da aka cakuɗa a fentin saman shi ke sa fili ya yi sauri ko ya yi nauyi, shi ya sa Indian Wells ya yi suna da jinkiri da tashin ƙwallo, Cincinnati kuma da sauri. Ka ƙara da iska da zafi. Madrid tana kan tudu, sama da mita 600, iskar ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya da sauri, saboda haka wanda ya yi fice a Madrid ba lallai ne ya yi haka a Paris ba. Roma ce ta fi kama da Paris, kuma sakamakonta nake ba nauyi idan ina auna Roland Garros.

Lissafin makin matsayi

Yawancin masu kallo a nan suke ruɗewa. Jerin gwanayen duniya da ake sabuntawa ranar Litinin lissafin mako 52 ne da suka wuce. Makin da ɗan wasa ya samu a wata gasa bara yana zubewa idan gasar ta zagayo bana, sai a maye gurbinsa da abin da ya samu yanzu. Babbar gasa tana ba wanda ya ci maki 2000, wanda ya sha kashi a wasan ƙarshe 1300. A ɓangaren maza, wanda ya tsaya a zagayen 'yan huɗu yana samun 800, a zagayen 'yan takwas 400. Gasannin da ke bin su, tara a wajen maza da goma a wajen mata, suna ba da 1000. Ma'anar wannan ita ce mutum yana iya kai wasan ƙarshe ya sauka a jeri, wani kuma ya fita a zagaye na huɗu ya hau.

Ɗauki misalin da ke gabanmu. Sinner ya ci Australian Open a 2025, don haka yana shiga Janairun 2026 da maki 2000 a wuyansa, ba abin da zai ƙaru da shi a Melbourne sai dai ya riƙe ko ya rasa. Amma an dakatar da shi wata uku, daga Fabrairu zuwa farkon Mayu na 2025, kan batun haramtaccen sinadarin clostebol, bai buga Indian Wells da Miami da Monte Carlo da Madrid ba. Duk makin da ya samu a waɗannan huɗun a 2026 riba ce tsantsa. Alcaraz kuwa 400 kacal yake karewa a Melbourne, amma daga Afrilu kaya ke hawa kansa: 1000 a Monte Carlo, 1000 a Roma, 2000 a Paris, 1300 a Wimbledon, 1000 a Cincinnati, 2000 a New York. Idan ka ga Sinner ya karɓe matsayi na ɗaya a wajen Afrilu, kada ka yanke cewa Alcaraz ya lalace. Lissafi ne ya zagayo.

Akwai wani jeri na biyu da ake farawa daga sifili kowace sabuwar kaka, wanda da shi ake zaɓar takwas ɗin da za su je gasar ƙarshen shekara. Shi ne ke nuna wanda yake kan ganiya a bana. Kafin a gama Miami ba ya faɗin abin kirki, don gasa ɗaya tana iya ɗaga mutum sama. Bayan Roland Garros kuwa ya fi babban jerin gaskiya.

Matsayi yana da aiki na zahiri a ranar ƙuri'a. A babbar gasa 'yan wasa 128 ne, ana ware 32 na sama don kada su haɗu da wuri. Na ɗaya da na biyu ana ajiye su a ɓangarori daban, ba za su haɗu ba sai a wasan ƙarshe. Na uku da na huɗu ƙuri'a ce ke jefa su. Shi ya sa iyakokin 4 da 8 da 16 da 32 suke da tsada: na 9 yana iya cin karo da ɗaya daga cikin manya tun zagaye na huɗu, na 33 kuma tun ranar farko.

Mutum biyun da ke sama

Manyan gasanni takwas na 2024 da 2025 duk a hannun waɗannan biyun suka ƙare, huɗu-huɗu. A 2025 sun haɗu a wasan ƙarshe sau uku a jere. A Paris, Sinner ya ci set biyu na farko (set shi ne babban kashi na wasa, uku ake ci a tashi), ya samu damar kammala wasan har sau uku a set na huɗu, Alcaraz ya tsallake, ya ci bayan awa 5 da minti 29. A Wimbledon Sinner ya rama, ya zama ɗan Italiya na farko da ya ɗauki kofin 'yan ɗai-ɗai a can. A New York Alcaraz ya sake karɓa. Alcaraz ya rufe shekarar yana na ɗaya da manyan kofuna shida, Sinner yana da huɗu, kuma shi ya doke Alcaraz a wasan ƙarshe a Turin.

A ganina tazarar da ke tsakaninsu da sauran ta gaske ce, kuma dalilinta a bayyane yake ga mai lura. Yawancin 'yan wasa suna da ɓangare ɗaya da za a matsa musu, galibi bugun bayan hannu, ko motsi zuwa gefe ɗaya. Sinner ba shi da wannan ƙofar. Yana tsayawa daf da layin baya, yana karɓar ƙwallo tun tana tashi, yana mayar da ita da nauyi iri ɗaya ta hannu biyun, sai abokin karawa ya rasa lokacin shirya bugu. Alcaraz ta wata hanyar yake bi: yana canza tsayin ƙwallo da saurinta, ya tura mutum can baya da murzajjen bugu, sannan ya ajiye masa ita a gindin raga. Abin da ya ƙara a 2025 shi ne sabis. Ya gyara yadda yake ɗaga hannu, kuma a US Open ya kai wasan ƙarshe ba tare da ya rasa set ko ɗaya ba. Da can matsalarsa ita ce ya yi sakaci na rabin awa ya ba da set a banza. Idan wannan ya ragu da gaske, to ya toshe babbar ɓarakarsa.

Sai ka haɗa da tsarin set biyar. A manyan gasanni maza sai sun ci set uku cikin biyar. Ɗan wasa mai zafin sabis yana iya yin awa ɗaya da rabi komai na shiga masa, ya kayar da kowa a wasan da set biyu ake ci a tashi. Riƙe wannan har awa uku da rabi, a kan mutumin da ba ya gajiya kuma yana gyara dabararsa a tsakiyar wasa, wani aiki ne daban. Tsawon wasa yana rage sa'a, yana fito da wanda ya fi.

Kowannensu yana da abin da yake nema a bana. Zuwa ƙarshen 2025 Alcaraz bai taɓa wuce zagayen 'yan takwas a Melbourne ba, kuma shi ne kofin da ya rage masa a lokacin ya cika huɗun. Ya rufe 2025 yana da shekara 22, Nadal kuwa yana da 24 ya cika nasa a 2010. Sai dai yana shiga kakar ne bayan rabuwa da Juan Carlos Ferrero a Disamba 2025, kocin da ya rene shi tun yana matashi. Irin wannan canji ba a ganin tasirinsa a wasan da ke tafiya daidai. Ana ganinsa ne ranar da dabarar farko ta ƙi aiki, musamman yanzu da doka ta yarda koci ya yi magana da ɗan wasa daga wurin zamansa. Shi kuma Sinner, zuwa ƙarshen 2025, Roland Garros ce ta rage masa, kuma wanda ya zo maki ɗaya tsakaninsa da kofin ba za a ce jar ƙasa ta gagare shi ba. Inda yake da rauni shi ne wasa mai tsawo cikin zafi da gumi: a Shanghai a 2025 jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaure har ya kasa ƙarasa wasa. A rufaffen fili, inda babu iska babu rana, ba na ganin mai taɓa shi cikin sauƙi, don ya ci Turin a 2024 da 2025 bai rasa set ba.

Djokovic da masu neman kutsawa

Tasa ba ta ƙare ba, amma hanyar ta ƙuntata. Ya rufe 2025 da manyan kofuna 24, na ƙarshe a US Open ta 2023, ya ci zinare a gasar Olamfik a Paris a 2024, kuma a 2025 ya kai zagayen 'yan huɗu a duka manyan gasanni huɗu. Wanda ya yi haka yana da shekara 37 da 38 ya fi kusan kowa a duniya. Matsalar ita ce abin da ke faruwa a wannan zagayen. A Melbourne ya janye da rauni bayan set ɗaya da Zverev, a Paris da Landan Sinner ya fitar da shi, a New York Alcaraz. Yana isa wasa na shida jikinsa ya riga ya biya kuɗin biyar na baya, sannan a ce ya doke ɗayansu, bayan kwana biyu ya doke ɗayan. Yana cika 39 a Mayun 2026, alhali mafi tsufan da ya ci babbar gasa a zamanin ƙwararru shi ne Ken Rosewall, yana da 37, a 1972. Damarsa tana Melbourne, inda ya ci sau goma kuma yake zuwa da hutaccen jiki, sai Wimbledon, inda maki ke ƙarewa da wuri. Abin da za ka ƙirga masa a makon farko shi ne awannin da ya yi a fili. Idan ya kai mako na biyu bai buga set biyar ba, ka sa masa ido.

Game da sauran, akwai abin da ke yaudarar mutane. Daga cikin gasanni tara masu maki 1000 na 2025, biyar wasu ne suka ɗauka: Draper a Indian Wells, Mensik a Miami, Ruud a Madrid, Shelton a Toronto, da Vacherot a Shanghai, wanda ya shigo yana na 204 a duniya. Sai a ce ai ƙofa a buɗe take. Amma a cikin biyar ɗin nan babu ko ɗaya da Alcaraz da Sinner suka shiga tare. A bana, idan dukansu suna lafiya, guraben za su ragu.

Zuwa ƙarshen 2025 Zverev ya kai wasan ƙarshe na babbar gasa sau uku bai ci ba, kuma ciwonsa ɗaya ne tun da: idan wasa ya yi tsanani yana ja da baya, bugun gaban hannunsa ya gajarta. Fritz tsayayye ne, amma motsinsa bai kai na biyun can ba. Waɗanda nake ganin suna da makamin da zai iya ƙwace wasa daga hannun manyan su ne Shelton da Draper, dukansu bahagwai masu nauyin sabis, sai João Fonseca na Barazil, haihuwar 2006, wanda ya ci Buenos Aires da Basel a 2025. Shelton sai ya inganta karɓar sabis. Draper jikinsa ne abin tambaya, don ciwon hannu ya katse masa kaka bayan US Open. Fonseca kuma kada a ɗora masa kaya da wuri. Idan ya kai zagayen 'yan takwas a babbar gasa ɗaya ya zauna cikin 16 na sama, shekara ta yi kyau.

Ɓangaren mata

Ruɗewarka tana da tushe: a 2025 mata huɗu ne suka raba kofuna huɗu. Keys a Melbourne, Gauff a Paris, Swiatek a Landan, Sabalenka a New York, sannan Rybakina ta ɗauki gasar Riyad ba a doke ta ba. Amma ka duba ta wata fuskar. Sabalenka ta buga wasan ƙarshe a uku daga cikin huɗun, ta kai 'yan huɗu a ɗayar, ta rufe 2024 da 2025 tana ta ɗaya. Gwana tana nan, sai dai mata set biyu ake ci a tashi, ko a babbar gasa. Minti arba'in na rashin sa'a ya isa ya fitar da kowa, abin da set biyar ke kare manyan maza daga gare shi. Saboda haka a wajen mata kada ka auna da yawan kofuna kaɗai, ka ƙirga sau nawa mace ta kai zagayen 'yan huɗu.

Abin da ya rage wa Sabalenka shi ne riƙe kanta a wasan ƙarshe idan yanayi ya ɓaci. A Paris, cikin iska, ta zubar da ƙwallo 70 da hannunta, Gauff kuma ta yi ta mayar mata da ita har ta gaji. Duk manyan kofuna huɗun da ta rufe 2025 da su a daɓe ta ci su, don haka jar ƙasa da ciyawa ne ma'aunin bana. Swiatek ta rufe 2025 da shida, huɗu daga ciki a Paris, kuma Australian Open ce ta rage mata a lokacin. Nasararta a Wimbledon, inda ta doke Anisimova 6-0, 6-0, ta nuna ta koyi karɓar ƙwallo mai zuwa ƙasa-ƙasa da sauri, wanda shi ne ke damun irin riƙon raket ɗinta. Masu doke ta har yanzu su ne masu bugu a miƙe da ƙarfi zuwa gaban hannunta, ba su ba ta lokaci. Gauff ta fi kowa gudu da tsaro, amma sabis na biyu, wato damar da ake ƙara ba mutum idan na farko ya ɓaci, yana cin amanarta, har ta ɓarar da sabis sau 23 a wasa ɗaya a Montreal. Ta ɗauko masanin motsin jiki, Gavin MacMillan, wanda ya taɓa gyara wa Sabalenka irin wannan matsalar. Gyaran sabis ba ya zama a tsakiyar kaka, sai a hutun Disamba, don haka Janairu ce za ta fara nuna ko ya kama.

Anisimova ta burge ni fiye da kowa. Bayan wancan kashin na Landan ta dawo ta doke Swiatek a New York, ta kai wasan ƙarshe, ta kuma ci Doha da Beijing a shekarar. Bugun bayan hannunta yana cikin mafi tsafta a wasan mata. Rybakina, idan tana lafiya, sabis ɗinta ya fi na kowa. Sai matasa biyu: Mirra Andreeva, wadda ta ci Dubai da Indian Wells tana da shekara 17, da Victoria Mboko, wadda ta ci Montreal tana da 18. Ka tuna da lissafin maki a nan: Andreeva tana da 2000 da za ta kare tsakanin Fabrairu da Maris, Keys kuma 2000 a Melbourne. Idan aka tilasta mini in faɗa, zan ce Sabalenka ta ɗauki ɗaya, sauran ukun kuma su rabu, kuma ba zan yi mamaki ba idan sabuwar fuska ta samu ɗaya.

Abin da za ka duba a cikin wasa

Tanis wasa ne na ƙaramar tazara. Federer, wanda ya ci kusan kashi 80 cikin 100 na wasanninsa, kashi 54 kacal na makin cikin wasa ya ci a tsawon rayuwarsa ta fili. Don haka idan allon ƙididdiga ya fito bayan kowane set, ka bar saurin sabis da yawan bugun da ba a taɓa ba, ka nemi layin da ke nuna kashi nawa na maki ɗan wasa yake ci a kan sabis ɗinsa na biyu. Ma'aunin da nake amfani da shi: idan ya haura 55 yana cikin kwanciyar hankali, idan ya faɗi ƙasa da 45 za a karya shi, wato a cinye shi alhali shi ke yin sabis, ko ba jima ko ba daɗe. Na biyu, ka dubi inda mai karɓa yake tsayawa, da zurfin da ƙwallonsa ta farko ke sauka. Mafi yawan maki a cikin bugu huɗu na farko suke ƙarewa, dogayen musayar da ake nunawa a taƙaitaccen bidiyo su ne 'yan kaɗan. Yawan damar karya sabis da mutum ya tsallake a wasa ɗaya kuwa kada ka gina komai a kai, don yana hawa yana sauka daga rana zuwa rana.

Ka lura da ƙwallaye ma. Ana canza su bayan gem bakwai na farko (gem shi ne ƙaramin kashin da ake tarawa a ci set), daga nan kowane gem tara. Sabuwa tana gudu, tsohuwa gashinta ya tashi ta yi nauyi, don haka mai yin sabis da sababbi yana da ɗan rinjaye. Wasan rana cikin zafi ƙwallo tana tashi, wasan dare cikin sanyi tana kwanciya, kuma rufe rufin fili yana iya juya wasa gaba ɗaya. A set na ƙarshe na duka manyan gasanni, tun 2022, idan aka kai 6-6 ana raba gardama ne zuwa maki goma.

Abin da ke rushe duk wannan lissafi shi ne jiki. Bakwai daga cikin gasanni tara na maza masu maki 1000 yanzu kusan kwana goma sha biyu suke ci da 'yan wasa 96, Monte Carlo da gasar Paris ta ƙarshen kaka, ba Roland Garros ba, su kaɗai suka rage a mako ɗaya, kuma 'yan wasa suna kuka da ƙarancin hutu. Holger Rune ya tsinke jijiyar agara a Oktoba 2025, Zheng Qinwen, mai zinaren Olamfik, an yi mata tiyata a gwiwar hannu. Babu mai hango irin wannan. Abin da za ka iya yi shi ne bin alamu: wanda ya janye daga gasa biyu a jere, wanda saurin sabis ɗinsa ya ragu a tsakiyar wasa, wanda ya ci kofi ranar Lahadi a wata nahiya ya fito fili ranar Talata a wata. Wanda ya yi jinyar wata shida ko fiye yana iya shiga gasa da tsohon matsayinsa, amma a wajen maza wannan ba ya sa a ware shi cikin 32, don haka idan ƙuri'a ta fito ka fara neman irin waɗannan sunaye, ka ga gefen wa suka faɗa.

Kuma kada ka ɗauki sakamakon mako biyu na farkon Janairu da zafi, wasu suna gwada sabon raket ne ko sabon tsayin igiya. Idan lokacinka kaɗan ne, bayan manyan huɗun ka ƙara Indian Wells da Roma da Cincinnati, kowace daga zagayen 'yan takwas. Wasan dare a Melbourne ƙarfe 7 na can ake farawa, wato 8 na safe agogon GMT, na New York kuma ƙarfe 11 na dare agogon GMT.